Ajin Koriyanci na Yaya Babba

A layin shagunan da ke bayan tashar mota akwai wani mai gyaran talabijin da kowa ke kira Yaya Babba. In ka gan shi ba za ka yi musu ba. Furfura ta cika kai da gemu fat, ga tumbi, ga murya mai kauri, ga tafiyar nan ta a hankali da hannu a baya. Shi ke raba faɗa a layin, shi ake fara miƙa wa shayi, kuma kujerar roba mai hannu da ke ƙarƙashin rumfar tsakiya, inda iska ta fi kaɗawa, tasa ce shi kaɗai.

Gara ku sani tun yanzu: duk masu shagunan nan sun girme shi. Furfurar gado ce, tun bai gama sakandare ba ta fara tsiro masa. Ranar da ya kama shago a layin, mai walda ya dube shi ya rusuna ya ce, “Sannu da zuwa, Yaya.” Maimakon bawan Allahn nan ya gyara masa, sai ya amsa da “Yauwa, ƙanena,” har da dafa kafaɗa. Daga nan aka ɗora, shekara da shekaru. Matarsa kaɗai ta san gaskiya, don benci ɗaya suka zauna a firamare, kuma ita ce ke nuna masa lissafi.

To, kwanan baya sai mai walda ya fara sakaci. Rusunawa ta koma ɗaga hannu daga nesa. “Yaya Babba” ta koma “Yaya”, wani lokacin ma “mai gyara”. Wata rana Yaya Babba ya dawo daga cin abinci ya tarar da shi a baje a kan kujerar, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana sakace. Ya tashi dai, amma sai da ya gama sakacen. Abin nan ya tsaya wa Yaya Babba a rai ƙwarai, don ya san in aka fara da kujera, ba a kujera za a tsaya ba.

Ana cikin haka aka kawo masa gyaran wata babbar talabijin. Da ya gama ya kunna don gwaji, sai ya faɗa wata tasha ana nuna fim ɗin Koriya. Ga wani saurayi ya sunkuya wa wani mai furfura har kansa na neman taɓa tebur, ya zuba masa abin sha da hannu biyu, sannan da ya zo shan nasa ya kau da fuska gefe ya kare baki. Yaya Babba ya saki baki. Ya nemi benci ya zauna. Mai talabijin ya yi ta tari a bakin ƙofa har ya gaji, ya ce, “Malam, ta gyaru ne ko kuwa in kawo maka tabarma?”

A ranar ya nemo darussan Koriyanci a wayarsa. Ko wata bai cika ba ya yanke hukuncin cewa ya iya.

“Ke, kin san a Koriya ko nahawu ya san babba?” ya ce wa matarsa wata safiya, tana gugar kayan makarantar yara. “Kalma ɗaya ce fa. In da yaro kake magana ka bar ta guntuwa. In da babba ne ka liƙa mata wutsiya, ka ce yo. In babban ya kai babba, ka ja ta har mnida. Abincin babba ma sunansa daban. Barcinsa ma daban.”

“Kai wace wutsiyar za a liƙa maka?”

“Mai tsawon mana. Aji zan buɗe a layi, kyauta. Kafin wata ya ƙare za ki ga mai walda yana gaishe ni goshinsa na shafar ƙasa.”

Ta ajiye dutsen guga ta dube shi. “Maigida, kai da ya kamata ka yi ta addu'a kada a tayar da zancen shekaru a layin nan, kai ne za ka buɗe masa aji?”

Ya shafa gemu ya yi 'yar dariya. “Wa zai dubi wannan ya tambaye shi shekaru?”

“Ni dai na faɗa maka.”

Ya rubuta sanarwa a kwali ya rataya a ƙofar shago. Ɗalibai uku ya samu. Mai kitso ta zo don finafinan Koriya sun gama da ita, tana so ta ji abin da ake faɗa ba sai ta bi rubutun ƙasa ba. Mai aski ya zo don samari sun dame shi da neman askin 'yan Koriya. Mai walda kuwa ya faɗa a fili cewa shayin kyauta ya kawo shi.

Ranar farko, bayan la'asar, Yaya Babba ya jingina ƙofar wani mataccen firji a bango a matsayin allo, ya zana haruffan nan masu da'ira da sanduna.

“Wannan ai zanen ƙarfen taga ne,” in ji mai walda. “Ko jiya na yi wa wani irinsa.”

“Rubutu ne. Ka nutsu. Darasi na farko gaisuwa. Yaro ake ce wa anyong, a guntule. Babba sai an ce anyong-haseyo, a sunkuya. Kai mai walda, hyong za ka riƙa ce mini, wato yaya. Ke mai kitso, mace oppa take cewa.”

“To nuna mana sunkuyawar,” in ji mai aski.

“Ina! Babba ba ya sunkuya wa yaro. Ko don gwaji haramun ne a wurinsu. Ni zan tsaya, ku ku sunkuya, in gyara muku.”

Ya tsaya a tsakiya ya turo tumbi. Mai walda na dama, mai aski na hagu, suka duƙo a tare da ƙarfinsu, shi kuwa ya ja da baya don ya ga kyawun abin. Ƙum! Goshi ya haɗu da goshi. Mai aski ya zauna a ƙasa daɓas yana salati, mai walda ya dafe kai yana lalubar bango.

“Madalla,” in ji Yaya Babba. “Zurfin ya yi. Saiti ne ya rage.”

Daga nan ya raba muƙamai. Shi ne babba, wannan ba ya buƙatar bayani. Mai aski, da yake ɗan firit ne kuma fuskarsa sumul ko gemu ya ƙi fita, shi aka naɗa mangne, wato autan aji. Aikin auta kuwa, a cewar malam, shi ne zuba shayi, wanke kofuna, share wuri da goge allo. Mai aski ya ce shi fa 'yarsa ta kusa gama sakandare. Aka ce masa wannan ba ya cikin darasi.

Sati bai zagayo ba layin ya rikice. Mai kitso in za ta gaishe shi sai ta ja “oppaaa” irin ta fim, har masu jiran mota su waiwayo. Yaya Babba ya kafa dokar cire takalmi a ƙofar shagonsa, ya manta ƙasan cike yake da 'yan kusoshi, wani da ya kawo gyaran rediyo ya shigo da ƙafa biyu ya fita da ɗaya yana tsalle. Shi kuwa mai aski, wani dattijo ya zo aski, yana cikin yi masa ya ɗauki kofin shayinsa zai kurɓa, sai ya tuna ba a sha a gaban babba fuska da fuska. Ya juya ya fuskanci bango. Hannun da ke riƙe da injin aski bai samu labari ba, ya ci gaba da tafiya, ya fitar wa dattijo titi tun daga goshi har ƙeya.

Ihun dattijon ne ya fito da kowa. Aka kira mai raba faɗa. Yaya Babba ya zo da hannu a baya, ya zagaya kan, ya duba ta gaba ya duba ta baya.

“Ranka ya daɗe, ka yi sa'a,” ya ce. “A Koriya wannan askin manyan mutane ne. Ba kowa ake yi wa ba.”

“To kai me ya hana a yi maka?” in ji dattijo.

“Ni... sai an gama kwas.”

Aka dai ƙare da aske kan duka tas, mai aski ya sayo wa mutumin hula.

Duk da haka Yaya Babba bakinsa har kunne, don kujera ta dawo hannunsa, gaisuwa kuma ta dawo da ribarta. Sai ga mai kitso wata yamma ta shigo aji tana kaɗa waya.

“Oppa, na gano wani abu. Ashe su Koriyawa ba da fuska suke gane babba ba. Shekarar haihuwa suke tambaya, tun haɗuwar farko, don su san wutsiyar da za su liƙa maka.”

Mai walda, wanda tun da aka fara kwas barci yake yi da ido a buɗe, ya gyara zama.

“Yau ga darasi mai daɗi,” ya ce. “Kowa ya fito da katin shaidarsa mu gani.”

“Kati?” Yaya Babba ya ja tsaki. “Katin da kowa ya faɗa wa mai rubutu abin da ya ga dama? Ban yarda da kati ba.”

“Ni ma ban yarda ba!” in ji mai kitso da sauri. Sai yanzu ta gane ramin da ta haƙa har da ita a ciki. “Kowa ya faɗa da bakinsa. Mu ba maƙaryata ba ne.”

Ta faɗi tata shekarar, tana kallon silin. Mai aski ya ɗan yi lissafi da yatsu.

“Ikon Allah. Ke nan ƙaninki da ke kawo miki kaya ya girme ki.”

Mataji ya wuce ta saman kansa ya bugi allo.

“Tsaya, tsaya,” in ji Yaya Babba, yana neman hanyar da zai kawar da zancen. “Ku ba ku san a tsohon lissafin Koriyawa, ranar da aka haife ka kana da shekara ɗaya ba? Sabuwar shekara na shigowa kuma a ƙara maka wata. Ka ga wani sai ya tashi da ƙarin biyu.”

“Ƙari?” Mai kitso ta dafe ƙirji. “Ni da nake neman ragi? Wallahi a cire sunana daga ajin nan.”

“A ƙara wa kowa, ba damuwa,” in ji mai walda. “Hyong, mu ji taka.”

Idanu suka koma kan Yaya Babba. Amma fa mutumin nan in aka matse shi a nan ne bakinsa ke buɗewa. Ya ɗaga hannu ya ce lamba ba ta da amana, abin da mutum ya gani da idonsa shi ne shekarunsa. Kowa ya faɗi inda yake lokacin gobarar babbar kasuwa, wadda duk garin ke lissafi da ita.

Mai walda ya ce yana gab da gama firamare, daga aji suka hango hayaƙi. Mai kitso ta ce an gaya mata rarrafe take yi, mai walda ya ce in rarrafe ne to da jakar makaranta a baya, aka riƙe ta. Mai aski ya ce a makon aka haife shi.

“Yara,” in ji Yaya Babba, yana girgiza kai cikin tausayi. “Ni da kuke gani, da hannun nan na ɗebi ruwa. Bokiti biyu-biyu nake ɗauka. Na shiga wani shago wuta na ci, na fito da keken ɗinki a ka, tsohuwa a baya, akuya a hammata. Da gari ya waye na duba madubi, sai ga furfura. Firgicin ranar ne ya fito da ita.”

Mai walda ya dube shi ya daɗe, sannan ya miƙe, ya gyara riga, ya sunkuya har ƙasa, shi kaɗai ba wanda ya sa shi.

“Hyong, ka yafe mini. Wallahi na fara zargin ko sa'ana ne kai.”

“Ba komai, ƙanena. Ƙuruciya ce.”

Da mai hankali ne, a nan zai rufe ajin ya gode wa Allah. Yaya Babba kuwa sai ya sanar da bikin yaye ɗalibai ranar Asabar, a ƙarƙashin rumfar tsakiya, duk layi an gayyata, a zo a ga yadda ake girmama babba. Bai tsaya nan ba, ya kwaso dokar ya kai gida. Abinci da hannu biyu. Ba mai sa cokali sai ya sa. Ruwa a sha ana kallon bango.

Matarsa ta yi kwana biyu tana bi, tana murmushi, irin murmushin da ya kamata miji ya ji tsoronsa. Ranar Juma'a tana miƙa masa kofi da hannu biyu ta ce, “Af, Mama ta bugo. Gobe tana tafe ganin jikoki.”

Ya ƙware da ruwan. Ya riga ya shaida wa layi cewa mahaifiyarsa ta tsufa tukuf, sai an kwantar an tayar.

“Ki riƙe ta a gida. Ko me za a yi kada ta zo layi.”

“Ni 'yar ƙarama? Ina ni ina hana babba abin da take so? Ba kai ka ce a can ba a musu da babba ba?”

“Wannan daban ne.”

“To. Zan gwada, da hannu biyu.”

Ranar Asabar rumfa ta cika. Masu shaguna, direbobin tasha, masu jiran mota, har da dattijon nan mai sabuwar hula, wanda ya ce ya zo ya ga ƙarshen abin. Aka jera tebura, aka kawo shinkafa da gasasshen nama. Mai walda ya yanko guntayen ƙarfe ya goge su sumul, bibbiyu ga kowa, don malam ya ce Koriyawa da tsinken ƙarfe suke ci. Yaya Babba ya hakimce a kujerarsa a kan tebur na gaba, ya yi jawabi rabi Hausa rabi kamsahamnida, wato “na gode” da Koriyanci, sannan ya tunatar da jama'a doka: ba mai kai loma baki sai babba ya kai.

Ya ɗauki ƙarafunan. A waya abin ba wuya. Ya kama tsokar nama, ta zame. Ya sake kamawa, ta juya ta koma ɗaya gefen faranti. Ya koma kan shinkafa, ya ɗago ƙwaya uku, biyu suka faɗi a hanya, ta ukun ta maƙale a gemu.

“An fara?” wani direba ya tambaya daga baya.

“Ba ta shiga ba,” in ji mai aski, wanda ke tsaye da butar shayi. “Tana gemu.”

Abinci na hucewa, cikuna na ƙugi, idanu sun fi hamsin a kan tsokar nan. Yaya Babba ya cije leɓe ya matse ta da iyakar ƙarfinsa. Ta yi tsalle, ta haye tebur biyu, ta sauka a cinyar mai kitso, a kan sabon leshinta.

“Oppa!” Wannan karon ba ta ja ta ba.

“Haka ake yi,” in ji Yaya Babba. “Babba ne ke fara raba wa na ƙasa.”

“Auta! Me kake tsokanar abinci da ƙarfe? Ba cokali a garin ne?”

Kowa ya waiwaya. Wata mata ce tsaye a bakin rumfa, tsaf da ita, jaka a hannu, gashin da ya leƙo ta gefen ɗankwalinta baƙi wuluk. Tafiyarta ma ta fi ta matar Yaya Babba sauri, don ita tana can baya tana haki, tana ɗaga wa mijinta hannu biyu alamar ta yi iya yinta.

Ƙarafunan suka suɓuce daga hannunsa.

“Sannu da zuwa, Hajiya,” in ji mai walda. “Ƙanwarsa ce ke?”

“Ƙanwa? Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ni na haife shi. Shi ne autana.”

“Mama, kin sha hanya,” Yaya Babba ya miƙe da sauri. “Mu je gida ki huta. Rana ta yi zafi. Ga hayaniya.”

“Ina zuwa kana korata? Matsa.” Ta zagaya ta zauna a kujerar, ta ɗora jaka a cinya, ta ce lallai wurin akwai iska.

Mai kitso ta manta da leshinta, ta matso. “Mama, ashe ke kika haifi jarumin gobara. Allah ya saka miki.”

“Wace gobara?”

“Ta babbar kasuwa mana. Da ya fito da keken ɗinki a ka, tsohuwa a baya.”

“Da akuya,” in ji mai aski.

Mama ta dubi ɗanta, ta dubi jama'a, sai ta kwashe da dariya har tana share hawaye da gefen mayafi.

“Wannan? Lokacin gobarar nan ai cikin yayarsa nake ɗauke da shi. Shi kam sai da aka sake gina kasuwar, aka yi mata fenti, fentin ya fara koɗewa, sannan ya zo duniya. Furfurar ce ta ruɗe ku? Ta ubansa ce. Shi ma haka ya yi ta karɓar gaisuwar mutane a banza.”

Can aka ji mai aski ya ajiye butar shayi a hankali.

“Tsaya. A makon gobara aka haife ni. Yayarsa tana ciki. Ke nan... na girme shi? Ni? Ni da na wanke masa kofi har hannuna ya yi fari?”

“A lissafin Koriyawa,” Yaya Babba ya fara, “in aka ƙara shekarar haihuwa, aka ƙara ta sabuwar shekara...”

“A ƙara maka har da ta akuyar,” in ji mai aski. “Ba ka kamo ni ba.”

Rumfa ta ɗauki ihu. Dattijo mai hula yana buga tebur yana cewa ya ci riba da ya zo. Mai walda kaɗai bai yi dariya ba. Ya taso a hankali ya tsaya a gaban Yaya Babba, ya naɗe hannu.

“Shekara da shekaru ina rusuna maka. Safe da yamma. Gwiwata ta dama har yau ƙara take yi. Kwanan nan har gafararka na nema. Ni ba faɗa zan yi ba. A maido mini gaisuwata.”

“Gaskiyarsa,” in ji Mama, ta riga ta samo cokali tana cin shinkafa. “Tashi ka gai da yayyenka. Ban yi maka tarbiyyar banza ba.”

Ba hanyar gudu. Gaba mai walda, baya tebur, gefe uwa. Ya ɗan karkata kai ya ce, “Anyong.”

“Da wutsiya!” jama'a suka amsa baki ɗaya, har waɗanda ba su taɓa shiga ajin ba.

“Anyong-haseyo... hyong.”

“Ban ga zurfi ba,” in ji mai walda. “Kai ka koya mana.”

Ya ƙara duƙawa, tumbi na tokare shi. Ya juya wajen mai kitso. “Anyong-haseyo, nuna.”

“Mene ne nuna?” Mama ta tambaya.

“Babbar yaya mace,” in ji matar Yaya Babba.

“Kada ka kuskura!” Mai kitso ta nuna shi da yatsa. “Ban girme ka ba. Amma sunkuya.”

Ya sunkuya. Saura mai aski, wanda ya hau kan benci don a gan shi sosai, ya turo ɗan cikinsa gaba, ya sa hannu a baya.

“Ƙasa, mangne. Ƙara. Ƙara dai.”

Mutumin da ya shekara da shekaru ko igiyar takalminsa a zaune yake ɗaurawa, yau an sa shi ruku'i sau uku a jere. A na ukun bayansa ya ce ƙas. Ya yi yunƙurin miƙewa, abu ya ƙi. Ya tsaya a lanƙwashe, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya na lalubar iska, farin gemu na reto.

Daidai nan wani matafiyi ya fito daga tasha da akwatinsa. Ya ga ƙattai a zazzaune suna ƙyaƙyata dariya, wani ɗan firit a kan benci, ga mai furfura a duƙe a gabansu. Ya yar da akwatin ya kutsa cikin rumfa.

“Kai, ba ku da kunya? Ba ku da iyaye ne? Tsoho kuke sa wa ya rusuna muku?” Ya kama hannun Yaya Babba a hankali. “Sannu, Baba. Sannu. Dafa ni.”

Yaya Babba ya ɗago ido daga can ƙasa, ya dubi mutumin. Ya san duk rumfar na kallonsa, ya san uwarsa na zaune taku biyu daga inda yake. Amma abin ya riga ya bi jini. Ya karya murya ya ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana. Yaran zamani ke nan.”

Mai walda da bai yi dariya ba tun ɗazu sai ga shi a ƙasa yana riƙe ciki. Matar Yaya Babba ta toshe baki da mayafi ta juya ta fuskanci bango. Matafiyi ya tsaya yana rarraba ido.

“Bawan Allah, sake shi, ka ji,” in ji Mama. “Ɗauki akwatinka kada motarka ta tashi. Kai kuma Auta, in ka gama tsufan, tsallaka ka sayo mini ruwan sanyi.”

Haka ya fita daga rumfar a duƙe, hannu a ƙugu, ya nufi titi. Masu mota suka taka birki don ya wuce. Duk wanda ya ci karo da shi sai ya kauce ya ce, “Sannu, Baba,” shi kuwa ko ɗaya bai bari ta wuce bai amsa ba.